Wanda Ya Far wa Mai Zubar da Ciki: Shin Kotu Za Ta Ce Kare Rai Ya Yi?

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Barista. Ni ɗan kasuwa ne a Agege, kuma ina cikin dattawan da ake nema idan rigima ta taso a layinmu. Akwai wani ƙaramin asibiti a bayan layin, wanda aka daɗe ana raɗe-raɗin cewa ana zubar da ciki a cikinsa. Makonni uku da suka wuce jini ya ɓalle wa wata yarinya 'yar maƙwabtanmu, aka garzaya da ita babban asibiti, da ƙyar aka ceto ranta, kuma ana cewa daga can ta fito. Tun daga ranar ran matasanmu yake a ɓace: wasu na cewa a kama mai asibitin a lakaɗa masa duka, wasu na cewa a cinna wa wurin wuta. Wani daga cikinsu, wanda ya yi karatu har jami'a, ya ce doka ta yarda mutum ya yi amfani da ƙarfi domin kare ran wani, abin da ke ciki kuwa rai ne, saboda haka duk wanda ya far wa mai zubar da ciki kare rai ya yi, kotu ba za ta kama shi da laifi ba. Ya ce ko a Amurka haka abin yake yanzu. Na tsawata masu sun dakata, amma ba ni da hujjar da zan ba shi. Shin akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa, a dokar ƙasa ko a shari'ar Musulunci?

Wani mai karatu, Agege, Legas

AMSA

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah, Alhaji. Allah ya saka maka da alheri da ka tsaya tsakanin yaran nan da abin da suka ƙulla, kuma Allah ya ba yarinyar lafiya. Babu kotun da za ta karɓi wannan hujja, a Legas ne ko a Kano ko a Amurkar da ya ambata, kuma malaman fiƙihu ma ba su karɓe ta ba. Ina faɗin haka ne alhali ni ma ina ƙyamar a zubar da ciki ba tare da larura ba, kuma na san irin ɓarnar da likitocin bogi suke yi wa 'ya'yan mutane a lungunan garin nan. Amma tunda yaron mai karatu ne, kuma da hujja ya zo, ya kamata a bi maganar tasa gaɓa-gaɓa, domin wani yanki na gaskiya ya tsinko ya ɗora ɓata a kansa, irin wannan kuwa ya fi ƙarya tsagwaronta saurin shiga kunnen matasa.

Gaskiyar da ya tsinko tana cikin sashe na 33 na Kundin Tsarin Mulkin 1999. Sashen ya fara da cewa kowane mutum yana da 'yancin rayuwa, ba a kashe shi da gangan sai dai wajen zartar da hukuncin kotu, sannan ya ware wasu halaye da ba za a ce an tauye wannan 'yanci ba, na farkonsu kuwa shi ne idan mutum ya mutu sakamakon ƙarfin da aka yi amfani da shi, gwargwadon buƙata kuma yadda doka ta yarda, domin kare wani daga farmakin da ya saɓa wa doka. Kiriminal Kod, kundin laifuffukan da jihohin Kudu suka gada, ya yi bayanin wannan a sassa na 286 zuwa 288, Final Kod na Arewa kuma a sassa na 59 zuwa 67. Jihar Legas ta yi nata kundin laifuffuka a 2011, amma a kan ginshiƙan Kiriminal Kod ta ɗora shi. Dukkansu sun yarda ka kare kanka, sun kuma yarda ka kare mutumin da ba ka haɗa komai da shi ba.

Sai dai ƙofar tana da ƙunci ƙwarai. A ce kana Mile 12 da asuba ana sauke tumatir, sai ka ga wani ya zare wuƙa ya yi kan direban motar, ka ɗauki itace ka buge shi ya faɗi, har ma rai ya yi halinsa, alhali babu wata hanyar tsayar da shi a wannan lokaci. A nan doka tana tare da kai. Amma a ce ya sari direban ya tsere, kai kuma ka bi sawunsa har gida bayan kwana biyu ka kashe shi, to kai ma mai kisan kai ne, ko da duk kasuwar ta shaida cewa shi ya yi saran. Haka nan idan labari ka ji cewa gobe zai zo, sai ka riga shi, domin tsakanin yau da gobe akwai caji ofis, kuma sashe na 63 na Final Kod ya faɗi ƙarara cewa babu 'yancin kare kai a inda ake da lokacin neman kariyar hukuma. Abin da alƙali yake tambaya shi ne ko farmakin haramtacce ne, ko yana aukuwa ne a gaban idonka a daidai wannan lokaci, ko babu wata mafita, kuma ko ƙarfin da ka sa bai wuce abin da ake buƙata ba. Idan ɗaya daga ciki ya faɗi, hujjar gaba ɗaya ta rushe.

Wanda yake son ya san yadda kotunanmu suke tsaurara wannan ma'auni ya dubi shari'ar Sunday Jackson, manomin Jihar Adamawa da ya ce an kai masa hari da wuƙa a gonarsa, ya ƙwace wuƙar ya daɓa wa maharin. A watan Maris na 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin kisan da aka yanke masa, bisa cewa da ya ƙwace makamin haɗarin ya riga ya kau, ko da yake ɗaya daga cikin alƙalan ba ta yarda da sauran ba, kuma hukuncin ya jawo ce-ce-ku-ce a ciki da wajen ƙasar nan. Ko me mutum yake gani game da wannan hukunci, ya auna: idan wanda aka tarar a gonarsa da wuƙa bai sha da wannan hujja ba, ina ga wanda ya kwana yana shiri, ya sayo fetur, ya taka da ƙafarsa zuwa ƙofar wani?

Batun Amurka kuwa, can ne ma aka fi gwada wannan hujja, kuma can ne ta fi shan ƙasa. A watan Maris na 1993 wani mai suna Michael Griffin ya harbe Dakta David Gunn a ƙofar asibiti a garin Pensacola na Jihar Filorida, aka yanke masa ɗaurin rai da rai. Paul Hill, wani tsohon limamin coci, ya yi ta yawo a gidajen talabijin yana cewa wannan kisa halal ne, sannan a watan Yuli na 1994, a garin dai, shi ma ya harbe Dakta John Britton da mai rakiyarsa James Barrett. Da aka zo kotu ya nemi ya kare kansa da cewa rayukan jarirai ya ceta, alƙali ya hana a gabatar da wannan hujja, aka yanke masa hukuncin kisa, aka kuma zartar da shi a watan Satumba na 2003. A shekarar 1994 ɗin ne majalisar ƙasar ta yi dokar tarayya da ta mayar da tsoratar da ma'aikatan irin waɗannan asibitoci, ko tare ƙofarsu da ƙarfi, laifi mai zaman kansa.

Shari'ar da ta fi kusa da maganar yaronku ita ce ta Scott Roeder. Ranar Lahadi 31 ga Mayu, 2009, ya shiga wani coci a garin Wichita na Jihar Kansas, ya tarar da Dakta George Tiller a bakin zaure yana tarbar masu zuwa ibada, ya harbe shi a ka. Roeder bai musa ba. Ya tsaya a gaban kotu ya ce shi ya yi, kuma ya yi ne domin ya hana likitan komawa bakin aikinsa. Lauyoyinsa sun san ba za a wanke shi ba, sai suka nemi a sassauta tuhumar zuwa kisan da ba na ganganci ba, bisa cewa ya yi imani da gaske, ko da imanin nasa kuskure ne, cewa yana kare rai. Alƙali ya ƙi, saboda dalilai biyu: aikin da likitan yake yi doka ta halatta shi a Kansas, sannan mutumin da yake tsaye a coci ranar Lahadi ba ya barazana ga kowa a wannan lokaci. Masu taimaka wa alƙali yanke hukunci ba su wuce minti 37 suna shawara ba suka same shi da laifin kisan kai da gangan, a watan Janairu na 2010, kuma a 2014 Kotun Ƙolin jihar ta tabbatar da laifin.

Abin da ya canza a Amurka shi ne, a watan Yuni na 2022 Kotun Ƙolin ƙasar ta soke hukuncinta na 1973 da ya ba mata 'yancin zubar da ciki a faɗin ƙasar, ta mayar wa kowace jiha ikon yin dokarta. Jihohi irin su Texas sun haramta shi, suka tanadi ɗauri da tara da ƙwace lasisi ga likitan da ya yi, amma duk ta hannun kotu, kuma babu jiha ko ɗaya da ta ba wani ɗan gari izinin ɗaga hannu a kan likita. A 2011 an taɓa gabatar da wani ƙuduri a majalisar Jihar Dakota ta Kudu wanda zai faɗaɗa ma'anar halastaccen kisa ya haɗa da kare ɗan tayi, da aka yi ca a kansa cewa zai iya zama lasisin kashe likitoci sai aka ajiye shi, bai zama doka ba.

Na san abin da yaron zai ce idan ka karanta masa wannan, domin shi ne abin da ni ma zan ce da ni ne a matsayinsa: a Kansas doka ta halatta aikin, a Nijeriya kuwa laifi ne, ke nan sharaɗin farko ya cika. Gaskiya ne laifi ne. Sashe na 228 na Kiriminal Kod ya tanadi ɗaurin shekara 14 ga wanda ya yi yunƙurin zubar wa mace ciki, sashe na 229 shekara 7 ga matar da ta yi wa kanta, sashe na 230 shekara 3 ga wanda ya samar da magani ko kayan aikin, kundin Legas ma ya haramta shi a sassa na 145 zuwa 147. Amma ka lura da abin da dokar ta tanada: ɗauri ne, bayan an gurfanar da mutum an ji ta bakinsa, kamar yadda sashe na 36 na Tsarin Mulki ya wajabta, wanda ya ce duk wanda ake tuhuma marar laifi ne har sai an tabbatar da laifinsa. Alƙalin babbar kotu da kansa, bayan ya gama sauraron shaidu, ba shi da ikon yanke wa mai zubar da ciki hukuncin kisa a kan wannan laifi, balle a ce taron matasa ne za su yanke shi a bakin shagon mai shayi.

Sannan akwai sashe na 307 na Kiriminal Kod, wanda ya ce jariri yana zama mutumin da za a iya cewa an kashe ne idan ya fito gaba ɗaya daga jikin uwarsa da rai, ko ya yi numfashi ko bai yi ba, ko an yanke cibiya ko ba a yanke ba. Wannan ba ya nufin doka ta yi watsi da ɗan tayi, domin ta kare shi da sassan da na lissafa, har ma sashe na 328 ya tanadi ɗaurin rai da rai ga wanda ya hana jariri fitowa da rai a lokacin da uwa take dab da haihuwa. Abin da yake nufi shi ne ta ajiye shi a wani babi daban da babin kisan kai, saboda haka lauyan da ya ce wanda yake karewa ya kashe likita ne domin kare "wani mutum" zai yi karo da wannan sashe tun daga bakin ƙofa. Akwai masu imani da yawa, Musulmi da Kirista, da wannan ma'ana ba ta kwanta masu ba, kuma suna da 'yancin neman majalisa ta gyara ta. Amma ko da an gyara ta gobe, maganar yaronku ba za ta tsaya ba, domin mai asibitin da aka tare a hanyar gidansa, ko aka ƙona masa gini da tsakar dare, ba a tarar da shi yana kai wa kowa farmaki ba, kuma caji ofis yana nan a buɗe.

Abin da ya fi damuna a maganar shi ne ƙarfin halin da ke cikinta, na cewa mutum daga waje ya san abin da ake yi a ɗakin likita. Dokarmu ba ta haramta kowane cire ciki ba. Sashe na 297 na Kiriminal Kod da sashe na 232 na Final Kod sun togace aikin da aka yi da kyakkyawar niyya domin ceton ran uwa, sashe na 201 na kundin Legas kuma ya ƙara da lafiyar jikinta. Har gwamnatin jihar ta fitar da ƙa'idoji ga likitoci a kan wannan a watan Yuni na 2022, kafin Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya dakatar da su bayan 'yan kwanaki saboda ƙorafin da ya biyo baya, amma dakatar da ƙa'idojin bai goge sashen daga kundin ba. Ga kuma matan da suke yin ɓari, da waɗanda ciki ya zauna masu a wajen mahaifa, da waɗanda ɗan ya mutu a ciki, da waɗanda suka sha wani abu a gida suka zo asibiti jini na zuba. Kusan dukkansu kayan aiki ɗaya da magunguna ɗaya ake amfani da su a kansu, kuma maganin da ake zargin ana zubar da ciki da shi, shi ne dai ungozoma take bayarwa domin tsayar da jini bayan haihuwa.

Shekarun baya na taɓa ɗaukar maiɗakina da ƙarfe biyun dare zuwa wani ƙaramin asibiti a garin nan, cikin wata uku ya lalace, zanin da ta ɗaura ya jiƙe sharkaf, hannunta ya yi sanyi a cikin nawa. Likitan ya duba ta ya ce sai an yi wankin ciki nan take, ya miƙo mini takarda na sa hannu a kan benci, ina jin ƙarar janareta da ƙarar ƙarafan da ma'aikaciyar jinya take jerawa a faranti. Da wani ya leƙo ta taga a wannan dare, ya ga mace a kwance, ya ga jini, ya ga kayan aikin, da ya rantse da Alƙur'ani cewa zubar da ciki ake yi. Yau matar nan tana raye, ta haifa mini yara biyu bayan wannan dare. Ba ina wanke mai asibitin layinku ba ne, wataƙila duk abin da ake faɗa a kansa gaskiya ne har da ƙari. Ina cewa ne "ana cewa daga can ta fito" ba shaida ba ce, kuma ba mu manta ba cewa jita-jita a kan allurar shan inna ce ta share fagen harbe ma'aikatan riga-kafi tara a Kano a watan Fabrairu na 2013.

Akwai hali guda da ƙarfi zai iya halatta, kuma adalci ne in faɗe shi. Idan a gabanka aka danne mace ana neman zubar mata da ciki da ƙarfin tsiya, tana kuka tana ƙi, to wannan farmaki ne a kan ita kanta matar, kuma kana da damar hana shi da ƙarfin da ya isa ya tsayar da shi. Haka nan idan jariri ya fito da rai aka nemi a hallaka shi. A nan ma da zarar ka ƙwace ta, ko mai laifin ya ja da baya, damar ta ƙare, abin da ya rage shi ne a miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da ɓata lokaci ba.

A ɓangaren shari'ar Musulunci, mazhabar Malikiyya da mafi yawanmu muke bi ita ce ma ta fi tsanantawa, domin mashahurin zance a cikinta shi ne ba ya halatta a fitar da abin da ya zauna a mahaifa ko da bai kai kwana 40 ba. Bayan an busa rai kuwa, wato bayan kwana 120 bisa hadisin Abdullahi ɗan Mas'ud, malamai sun haɗu a kan haramcinsa, sai dai malaman wannan zamani, ciki har da majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ta zauna a Makka a 1990, sun togace halin da barin cikin zai halaka uwar. Ke nan babu mai cewa ƙaramin zunubi ne. Tambayar ita ce mene ne hukuncinsa, kuma a hannun wa yake.

Hadisi ya inganta cewa wasu mata biyu na ƙabilar Huzailu sun yi faɗa, ɗaya ta jefi ɗayar da dutse, abin da ke cikinta ya mutu, sai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hukunta cewa diyyar ɗan tayin ita ce gurra, wato bawa ko baiwa. Duk almajirin da ya sauke Risala ya wuce ta wurin da aka ƙiyasta gurra da dinari 50 ko dirhami 600, wato ushirin diyyar uwar. Ɗan tayin da ya faɗo matacce diyya ake biya a kansa, shugaba kuma yana iya ƙarawa da horon da ya ga ya dace, amma ba a yin ƙisasi. To idan alƙalin shari'a, da shaidu a gabansa, ba zai kashe mai wannan laifi ba, da wace hujja wani zai kashe shi a titi? Ko a inda ƙisasi ya tabbata ma, Imam Ƙurɗubi ya faɗa a tafsirinsa cewa babu saɓani a kan cewa shugabanni kaɗai ne suke tsayar da shi.

Babin tunkuɗe maharin da ya afko maka sananne ne a fiƙihu, kuma sharuɗɗansa sun yi kama da na dokar ƙasa ƙwarai: a fara da mafi sauƙi, idan magana za ta isa ba a kai hannu, idan hannu zai isa ba a ɗauki sanda, idan ya juya baya ba a bin sa. Hadisin da ya ce wanda ya ga abin ƙi ya gyara shi da hannunsa, wanda na tabbata an jawo shi a majalisar yaran nan, malamai sun gindaya masa sharaɗin cewa mutum ya san abin da idonsa ya gani ba zato ba, kuma kada gyaran ya haifar da ɓarnar da ta fi ta farko, zare makami kuwa na hukuma ne. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umarce mu da bin diddigin labari kada mu cutar da wasu mutane cikin jahilci mu wayi gari muna nadama. Zai yi kyau ka kai wannan gaban limaminku ya warware shi a huɗubar Juma'a, domin a bakinsa zai fi ratsa su.

Mu Hausawan kurmi ya kamata mu fi kowa gudun wannan tunani, domin a kanmu ya fi ƙarewa. A watan Maris na 2025, a Uromi ta Jihar Edo, aka tare wasu mafarauta da suka taso daga Fatakwal za su Kano yin Sallah, aka ga bindigogin farauta a motarsu, aka ce masu garkuwa da mutane ne, aka ƙona 16 daga cikinsu. Waɗanda suka yi wannan aika-aika su ma cewa suka yi suna kare rayukan mutanen garinsu. Hujjar da yaronku yake riƙe da ita ke nan, babu bambanci ko na anini: na tabbata shi mai kisa ne, hukuma ba za ta yi komai ba, saboda haka jininsa ya halatta. Ka kuma tuna masu cewa a Legas wuta ba ta tsayawa inda aka kunna ta. Dattawan Idi-Araba ba su manta da rikicin Fabrairun 2002 ba, kuma idan mai asibitin nan ba Bahaushe ba ne, kafin gari ya waye labarin zai koma cewa Hausawa sun far wa ɗan wata ƙabila, shagunanku da 'ya'yanku su ne a gaba.

Su kuma san abin da ke jiran kowannensu. Idan mutumin ya mutu, tuhumar kisan kai ce, wadda hukuncinta kisa ne a ƙarƙashin sashe na 223 na kundin Legas. Ƙona gini kaɗai, ko babu wanda ya ƙwarzane, ɗaurin rai da rai ne a Kiriminal Kod, idan kuma akwai marar lafiya a kwance a ciki ko mai gadi yana barci, ransa yana wuyansu. Doka ba ta tsaya kan wanda ya ƙyasta ashana ba. Wanda ya zuga, da wanda ya sayo man, da wanda ya tsare hanya, duk ana ɗaukarsu masu laifi ɗaya, kuma saƙonnin murya da suke tura wa juna a WhatsApp su ne za a kunna a gaban alƙali. Na taɓa ziyartar wani matashi ɗan ashirin da 'yan kai a gidan gyaran hali, wanda laifinsa shi ne ya gangaro da taya a wurin da aka taru a kan wani da ake zargi da sata. Mahaifiyarsa ta sayar da awakinta ta biyo motar shanu daga Arewa, ta zauna a ofishina da ƙullin kuɗi a bakin zani tana tambayata yaushe za a ba da belinsa, ni kuwa na rasa bakin da zan gaya mata cewa tuhumar kisan kai ba kasafai ake ba da beli a kanta ba.

Fushin yaran nan yana da inda za a kai shi ya yi aiki. A Legas akwai hukumar HEFAMAA, wadda take yi wa asibitoci masu zaman kansu rajista, kuma tana da ikon rufe wanda ba shi da lasisi ko yake aiki da ma'aikatan da ba su cancanta ba. Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya ita ke riƙe da rajistar likitoci, ita za ta faɗa maku ko mutumin likita ne da gaske, kuma tana iya dakatar da shi ko ta soke sunansa. Idan kemis ne ya rikiɗe ya koma asibiti, to wannan hurumin Majalisar Masu Harhaɗa Magunguna ce. Ɓangaren laifi kuma na 'yan sanda ne, a fara da Difi'on yankinku, idan aka ga jan ƙafa a rubuta wa Kwamishina. Ku tafi da sunan kwamitin unguwa, da sanin fadar Sarkin Hausawan Agege, domin takardar da dattawa goma suka sa wa hannu ba a jefa ta a kwandon shara da sauƙi.

Kafin a kai ko'ina, a fara zama da iyayen yarinyar, kuma ta samu lauya, domin dokar da za ta kama mai asibitin tana iya waiwayowa kanta, kuma suturarta amana ce a wuyanku. Kada sunanta ya shiga takardar koke ko ya yawata a wayoyi. A kuma yi tambayar da na lura babu wanda ya yi a wasiƙar taka, wato wane ne ya yi mata cikin, kuma wane ne ya biya kuɗin. Idan ba ta kai shekara 18 ba, sashe na 137 na kundin Legas ya tanadi ɗaurin rai da rai ga wanda ya kwanta da ita, kuma jihar tana da hukuma ta musamman mai karɓar ƙorafin cin zarafin mata da yara.

Takardar koken ta ƙunshi abin da aka gani da ido kaɗai: sunan da ke jikin allon asibitin, adireshinsa, ranakun da abubuwa suka faru, da waɗanda suke shirye su ba da shaida. Ka ɗora wa yaron nan mai karatun jami'a aikin rubuta ta, ya kai ta da hannunsa, kuma kada ya bar ofishin sai an buga masa hatimin karɓa da kwanan wata a kan kwafinsa.